Sarbon da Aka Zaɓa wa Motar Baba Matthew

Baba Matthew ya ajiye aiki ne a 1999, ana gab da soja su miƙa mulki ga farar hula. Kusan duk rayuwarsa direban gwamnati ne, kuma a shekarunsa na ƙarshe yana cikin jerin motocin da ke bin manya da jiniya, irin tuƙin nan da ba a tsayawa saboda kowa. Ranar da ya yi sallama da ofis aka karɓi makullin Fijon da yake ja, ya hau bas ya dawo gidansa a Barnawa.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Da safe sai ya fito da kujera baranda, ya zuba wa titi ido yana kushe duk wanda ya wuce da mota.

"Maman Judith, kin ji yadda wancan ya sa giya? Kamar mai dakan masara."

Matarsa Saratu takan amsa daga madafa ba tare da ta leƙo ba. "Shi dai yana da motar da zai daka."

Da 'yarsu Judith, wadda ke aikin jinya a Ingila, ta zo hutun Ista ta ga halin da uban ke ciki, sai ta buɗe akwatinta ta fito da wani kwali. Da ma ta sayo ne don ta tsokane shi. Mota ce 'yar ƙarama, ja, tsawonta bai wuce kamu biyu ba, da tayoyi masu kauri da doguwar eriya. Ana tuƙa ta daga nesa da rimot mai kama da ƙaramar bindiga: a ja kunama ta tafi, a murɗa wani ɗan sitiyari kamar murfin kwalba ta yi kwana.

"Wannan ai kayan yara ne," in ji Baba Matthew, ya ture kwalin gefe.

Kafin Judith ta koma Ingila, babu kazar da ta rage a layinsu da ba ta san ƙarar motar ba.

Yakan tsaya a bakin get, gajeren wando da singileti, yana yin jiniya da bakinsa, motar na tsala gudu tana tayar da ƙasa. Ta shiga tsakanin ƙafafun mai tallan burodi. Ta sa wani ɗan acaɓa ya taka birki har fasinjarsa ta rungume shi. Amma wanda ya fi shan wahala shi ne talotalon maƙwabciyarsu Mama Irene, wani ƙato mai jan wuya da ake kiwo don Kirsimeti. Baba Matthew ya ce tsuntsun yana masa kallon raini, don haka kullum sai ya zagaya gida da shi.

Saratu ce mai zuwa ba da haƙuri. Ta je gidan Mama Irene har ta gaji da zuwa.

"Maman Judith, talotalona ya rame," in ji Mama Irene wata rana. "Ki duba shi. Ko inuwa ya gani sai ya zabura. In mijinki bai da aikin yi, ga ciyawa nan a bayan coci."

Wata ranar Talata, bayan ruwan sama ya ɗauke, Baba Matthew ya sake bin talotalon. Tsuntsun ya yi tsalle ya haye turmin da aka kife a bakin ƙofa, ita kuwa motar da ke tafe da cikakken gudu ta daki turmin da tayar gaba. Aka ji ƙas. Da ya ɗauko ta ya gwada, tana zuwa gaba, tana komawa baya, amma in ya murɗa sitiyari sai dai a ji wani kirrr daga cikinta, tayoyin gaba ba sa motsi.

Saratu ta shiga ɗaki ta yi 'yar rawa ba wanda ya gani.

Murnarta ba ta daɗe ba. Baba Matthew ya daina fitowa baranda. Ya ɗora motar a kan tebur a falo, ya zauna yana kallonta kamar mai jinya. A kawo tuwo ya ce ba gishiri, a ƙara gishiri ya ce an cika. Rediyo na ta labarin sababbin gwamnoni da 'yan majalisa, shi ko a jikinsa. Har gyaran da yake yi wa direbobin titi ya bari, sai ya koma gyara wa Saratu yadda take shara.

Ranar da ya nuna mata yadda ake riƙe tsintsiya, ta ajiye tsintsiyar.

"Baban Judith, tashi ka sa riga. Za mu Rido wurin Sylvanus."

Sylvanus ƙaninta ne, ma'aikaci a matatar mai, a sashen masu kula da na'urori. Mutum ne mai tara tarkace. Lokacin da wasu Turawa injiniyoyi suka gama kwangila za su tafi, sun bar masa kwali guda na kayan ƙananan jirage da kwalekwalen wasa da suke haɗawa ranakun Lahadi. Tsakaninsa da mijin yayarsa kuwa tsokana ce tun ranar biki.

Suka same shi a ƙarƙashin mangwaro a tsakar gida. Daga nan ana hango harshen wutar matatar yana lasar sama.

"A'a! Direban gwamna da kansa, a ƙafa?" in ji Sylvanus. "Ina jiniyar?"

"Yaro, duba min motar nan, ka bar surutu."

Sylvanus ya cire murfin motar, ya kwance 'yan notuna da sukudireba, ya zaro wani baƙin abu kamar kwalin ashana mai wayoyi uku. Ya buɗe shi ya zazzage a tafin hannunsa. Ɓaraguzan farar roba suka zubo.

"Ga mai laifin. Sarbo ake ce masa. Ɗan inji ne, shi ke karɓar umarni daga rimot ya ja tayoyin gaba dama ko hagu. Haƙoran giyarsa na roba ne, kuma babu ko ɗaya da ya rage. Oga, me ka kaɗe? Tirela?"

"Turmi," in ji Saratu.

"Turmin ne ya shigo min hanya," in ji Baba Matthew.

Sylvanus ya shiga ɗaki ya jawo kwalinsa, ya tona, ya jera sarbo uku a kan benci. Ya ɗaga na farko, ɗan siriri.

"Wannan daga jirgin sama ya fito. Sauri gare shi kamar walƙiya, kafin ka gama murɗa sitiyari ya riga ya juya. Amma ba shi da ƙarfi, an yi shi ne don kaɗa fiffike, ba don jan taya a kan tsakuwa ba. Haƙoransa ma roba ne."

Idon Baba Matthew ya yi haske da jin kalmar sauri.

"Wannan kuma na kwalekwale ne," Sylvanus ya ɗaga na biyu, ƙato mai nauyi. "Haƙoransa ƙarfe, ko turmi goma ka daka ba abin da zai same shi. Sai dai nawa gare shi, yana shan batir, kuma ya fi gurbin girma. Sai an yanke cikin motar kafin ya zauna."

"Ba mai yanka min mota."

"Na ukun nan daga wata mota ya fito, ba irin taka ba, wani kamfani ne daban. Girmansa daidai da gurbin, filoginsa zai shiga, ƙarfi da sauri duk tsaka-tsaki."

"Tsaka-tsaki," Baba Matthew ya maimaita yana yamutsa fuska. "Ni ban taɓa tuƙin tsaka-tsaki ba. Sa min na jirgin."

"Zai yi lilo a gurbin, Oga. Sai an cusa masa kwali."

"A cusa."

Ana cikin haka kunun da suka sha a hanya ya matsa wa Baba Matthew, ya nemi a nuna masa bayan gida. Yana ba da baya Sylvanus ya matso kusa da yayarsa, yana danne dariya.

"Yaya, na ukun nan shi ya fi dacewa da motar, gaskiya ke nan. Amma yana da wani hali. Kamfanin da ya yi shi, nasu juyin ba ɗaya ba ne da na wannan motar. In an ce masa dama, hagu zai yi. In an ce hagu, sai ya yi dama."

Saratu ta dubi sarbon, ta dubi hanyar bayan gida. "Kuma ba zai lalata komai ba?"

"Ko kaɗan. Sai dai ya lalata direba."

"Shi za a sa."

Baba Matthew ya dawo yana gyara ɗamarar wando. "To, an fara cusa kwalin?"

"Ba a fara ba," in ji Saratu. "Ni na ukun nake so."

"Ke? Motarki ce?"

"'Yata ce ta saye ta, ni ce kuma mai zuwa ba da haƙuri gida-gida. Baban Judith, ba ka ji rediyo ba? Soja sun koma bariki. Yanzu ba mai tashi shi kaɗai ya ce a yi kaza. Ƙuri'a za a kaɗa."

Sylvanus ya miƙe tsaye ya gyara murya kamar malamin zaɓe. "Masu son na jirgin sama, a ɗaga hannu."

Baba Matthew ya ɗaga hannu. Da ya ga shi kaɗai ne, ya ɗaga ɗayan ma.

"Hannu ɗaya kowane mutum, Oga. Masu son na uku?"

Saratu ta ɗaga. Sylvanus ya ɗaga.

"Maguɗi!" in ji Baba Matthew. "Malamin zaɓe ba ya jefa ƙuri'a! Kuma ku 'yan gida ɗaya ne!"

"Sai ka kai ƙara kotu," in ji Saratu. "Sylvanus, ɗaura."

Sylvanus ya zaunar da sarbon a gurbinsa, ya shige tsaf kamar don shi aka yi. Ya daidaita hannun da ke haɗe da tayoyi, ya ɗaure notuna, ya soka filogi. Baba Matthew ya so a gwada nan take, amma batirin motar ya riga ya sauka tun kwanakin da ta yi a kan tebur, ga shi an ɗauke wuta a Rido.

"Ka yi caji a gida," in ji Sylvanus. "Ka gaishe min da talotalo."

Da yammacin Asabar Baba Matthew ya sa hularsa ta aiki, wadda bai taɓa ba tun da ya yi ritaya, ya fito bakin get da motar a hammata. Labari ya riga ya zaga cewa an gyaro ta. Mutanen layi suka fito, wasu don kallo, wasu don su kwashe kajinsu. Mama Irene ta tsaya a ƙofarta ta riƙe ƙugu. Saratu ta ɗauko kujera ta zauna tana gyaran wake.

Ya ajiye motar, ya yi jiniya da baki, ya ja kunama. Ta miƙe sak kamar kibiya. A gaban gidan Mama Irene ya murɗa dama, inda talotalon ke kiwo.

Motar ta yi hagu, ta faɗa kwata.

Wani ya yi tari.

"Santsi ne," in ji Baba Matthew. Ya je da kansa ya tsamo ta, ya goge da hankici. Ya sake ajiye ta, ya ja kunama a hankali, ya murɗa hagu don ya kauce wa kwatar. Motar ta yi dama, ta zagayo da kyau, ta dawo ta daki ƙaurinsa.

Layin ya fashe da dariya. Mama Irene har da zama a ƙasa.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya gane matsalar tun a karo na uku, amma hannunsa ya ƙi ganewa. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana juya sitiyari ba ya jiran shawarar kai. Muddin yana tafiya a hankali yana faɗa wa kansa "dama hagu ce, hagu dama ce", sai a zauna lafiya. Da zarar wani abu ya gifta, hannun ya yi abin da ya saba, motar ta nufi bango. Talotalon ma ya lura. Ya tako har tsakiyar titi, ya baza wutsiya, ya tsaya. Baba Matthew ya auna shi sau da dama, kowane karo motar na kauce masa cikin ladabi.

"Baban Judith, kawo in gani," in ji Saratu, tana kakkaɓe zaninta.

"Ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?"

"Shi ya sa."

Ya miƙa mata don mutane su sami wani abin dariyar. Ta riƙe rimot ɗin kamar ludayi, ta ja kunama kaɗan, ta murɗa ta ga inda motar ta nufa, ta murɗa ɗaya gefen ta gani. Shi ke nan. Ita ba ta da wani tsohon sabo da za ta yi faɗa da shi. Kafin rana ta faɗi tana zagaya bokiti da motar, tana shigar da ita get da baya. Mutane suka yi ta tafi.

"Direban gwamna ya samu oga!" wani ya ɗaga murya.

Makonnin da suka biyo baya motar ta koma hannun Saratu. Ba ta bin kaji. Takan ɗaura ƙullin daddawa ko yaji a bayan motar ta aika wa Mama Irene daga baranda, a ɗauro mata kuɓewa ta tuƙo ta gida. Baba Matthew na zaune yana kallo, yana cewa ba ta iya shiga kwana ba, ba mai amsa masa.

Wata rana Saratu ta tafi kasuwa, ya ɗauki rimot ɗin zai canza masa batir. Da ya zare murfin, sai ya hangi wani ɗan maɓalli a lungu, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, wanda bai taɓa lura da shi ba. Ya sa tsinken ashana ya tura shi gefe. Ya kunna motar a tsakar falo, ya murɗa dama.

Ta yi dama.

Ya murɗa hagu, ta yi hagu. Ya zauna a kujera a hankali. Mutumin da ke gyaran na'urorin matatar mai ba zai rasa sanin wannan maɓallin ba. Ya tuna yadda aka nuna masa bayan gida da sauri, da yadda ya dawo ya tarar mace da ƙaninta sun zama jam'iyya ɗaya.

"To," ya ce shi kaɗai. "To, to, to."

Ya mayar da maɓallin inda ya same shi, ya rufe murfin. Da Saratu ta dawo har kaya ya taya ta saukewa.

Ranar Alhamis zumuntar matan cocinsu ta yi taro a gidan. Mata sun cika tsakar gida cikin zane iri ɗaya, an shimfiɗa tabarmi, an ajiye babbar robar zoɓo a gefe da faranti cike da cincin. Bayan addu'a da waƙoƙi, matar fasto ta ce ta ji labarin tuƙin Maman Judith, ba za ta tafi ba sai ta gani da idonta.

"Bari in ɗauko miki, Maman Judith," in ji Baba Matthew daga falo, da wata murya mai laushi. "Ki zauna da baƙinki."

Ya ɗan jima a ciki kafin ya fito. Ya ajiye motar a gabanta, ya miƙa mata rimot da hannu biyu, ya koma baranda ya buɗe jarida.

Saratu ta ɗora ɗan kofi da cincin a bayan motar, ta ce za ta kai wa matar fasto har gabanta. Ta ja kunama da ƙarfin gwiwa. A tsakiyar fili ta murɗa yadda ta saba.

Motar ta juya wa matar fasto baya, ta ratsa ta kan tabarma, mata suna ɗage ƙafafu suna "Yesu! Yesu!" Saratu ta ruɗe ta ƙara murɗawa, ta manta ba ta saki kunama ba. Motar ta daki kujerar da robar zoɓon ke kai. Robar ta yi tangaɗi, ta yi kamar za ta tsaya, sannan ta kife. Jan ruwa ya malale tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin takalman ma'ajiyar zumunta.

Matar fasto ce ta fara dariya, har tana share hawaye da gefen ɗankwali, sauran suka biyo ta. Saratu ba ta yi dariya ba tukuna. Ta juya ta dubi baranda. Jaridar da ta rufe fuskar mijinta tana rawa.

"Baban Judith."

"Na'am?"

"Me ka yi wa motar nan?"

Ya sauke jaridar, fuskarsa kamar ta mai wa'azi. "Ni? Kotu ce ta zauna, Maman Judith. An soke zaɓen Rido."

Sai a lokacin ta saki dariya, ta jefe shi da cincin.

Shi aka sa ya wanke tsakar gidan, matan suna zaune suna nuna masa inda ya tsallake. Ya yi wankin yana fito.

Washegari da safe Saratu ta kawo masa shayi a babban kofinsa, ta zauna a gefe tana kallonsa. Ya kurɓa, ya tsaya. Gishiri ne zalla.

"Ka yi haƙuri," in ji ta. "Na miƙa hannu dama wurin sukari, sai ya tafi hagu."

Baba Matthew ya dubi kofin, ya dubi matarsa. Ya daure ya ƙara kurɓa ɗaya don kada a ce ya ji tsoro, idonsa ya kawo ruwa.

"Ranar Asabar akwai fili a makarantar firamare, ba kowa," ya ce da ya samu murya. "In koya miki shiga kwana yadda ake yi."

"Da maɓallin a wane gefe?"

"A gefen gaskiya mana."

"Sai na yi tunani," in ji Saratu. Ta ɗauke kofin ta tafi haɗo masa wani.